Ruwan bunu a Kano, wayewa a Abuja

Makon da ya wuce na halarci wani taron ƙara wa juna sani a wani otal a Abuja, irin taron nan da ake zama tun ƙarfe tara ana haska rubutu a bango har ido ya fara lumshewa. Wajen sha ɗaya aka ce a fita shan shayi. Akwai wani dattijo a cikinmu, ya kusa ritaya, mutum ne mai kamala, duk wanda ya san shi Baba yake ce masa. Ya ɗauki kofi ya tsiyayi kofi (kun ga matsalar Hausa, mazubin kofi, abin shan ma kofi, don haka inda abin zai rikice zan riƙa cewa gahawa), ya zuba madara cokali uku, sukari huɗu, ya waiga ya ga Milo ya ƙara cokali ɗaya, yana ta juyawa hankalinsa kwance.

Sai wani matashi da ke bayansa a layi, wanda tun safe ya sanar da mu sau uku cewa a waje ya yi digirinsa na biyu, ya ce, "Haba Baba, ai ka kashe kofin nan. Baƙi ake shan sa, ba madara ba sukari, haka masu abin suke sha." Wasu suka yi dariya. Baba ya yi murmushin yaƙe, ya kurɓa sau ɗaya, ya lallaɓa ya ajiye a gefen tebur ya ɗauki ruwan gora. Har aka koma zaure bai sake taɓa shi ba.

Wallahi abin ya tsaya min a rai har na dawo Kano. Ba wai rashin kunyar yaron kaɗai ba, wannan daban, har da kalmar nan da ya yi amfani da ita, "masu abin". Ni ra'ayina a fili yake, gahawa ba ta da wasu masu ita da za su kafa wa duniya dokar yadda za a sha, kuma harshen mutum a gidansu ake rainon sa kamar yadda ake rainon shi kansa. Wanda ya raina maka abin da bakinka ke so ba ɗanɗano yake koya maka ba, matsayinsa yake nuna maka. Kuma kafin wani ya ce ina kare namu ne kawai, ku bari in gama, mu ma akwai namu kason a gaba.

Su wa ne masu abin?

In dai asali ake bi, to Habasha ce. Can itacen ya fito, kuma har yau kusan rabin abin da suke nomawa su suke shanye kayansu. Na taɓa yada zango a Adis Ababa na kwana biyu, na ga yadda suke yi. Mace za ta zauna a ƙasa da ɗanyen ƙwaya, ta wanke, ta soya a kan garwashi a gaban baƙi, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta daka a turmi, ta dafa a wani ɗan tulun ƙasa mai dogon wuya da suke kira jabana, ga turaren wuta yana tashi, ga gugguru a faranti. Zagaye uku ake sha, na farko abol, na biyu tona, na uku baraka. Sukari kuwa suna zubawa sosai a ɗan ƙaramin kofin nan, a wasu yankunan karkara ma gishiri suke sakawa, wasu man shanu. Man shanu fa, a cikin gahawa. To in masu asalin abin suna saka man shanu, mene ne laifin madarar Baba?

In kuma waɗanda suka fara mayar da ita abin sha na yau da kullum ake nufi, tarihi ya fi nuna sufayen Yaman a ƙarni na 15, suna sha don su kori barci su raya dare da zikiri. Daga nan ta shiga Makka da Alƙahira da Santambul. A 1511 ma wani mai mulkin Makka, Khair Beg, ya tara malamai aka haramta ta, daga baya aka janye haramcin don abin ya fi ƙarfin doka. Sunan kansa daga Larabci ya taso, ƙahwa, Turkawa suka ce kahve, mutanen Italiya suka ce kaffe, Ingilishi ya murɗa nasa, mu kuma muka karɓa sau biyu ta ƙofa biyu, gahawa daga gabas, kofi daga bakin Bature. Kalma ɗaya ce ta zagayo ta same mu.

Duk wanda ya je Hajji ko Umara ya ga ta Saudiyya. Ba baƙa ba ce sam, ruwan ɗorawa-ɗorawa ce saboda sama-sama suke soya ƙwayar, su zuba wani ɗan kayan ƙamshi da suke kira hel, wani lokaci da za'afaran, ba sukari, amma ga dabino a gefe wanda shi ne sukarin. A ɗan finjali ake zubawa, kuma ba a cika shi, ɗan kaɗan ne a gindi, mai zubawa na tsaye da butar a hannun hagu yana miƙo maka da dama, in ka miƙa masa ya ƙara, in ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza finjalin. Ni da ban sani ba haka na yi ta miƙawa yana ta ƙarawa, sai da na sha bakwai kafin wani bawan Allah ɗan Sudan ya raɗa min sirrin.

Su kuma 'yan Sudan ɗin tasu baƙa ce wuluk, da citta mai yaji da sukari kamar ba gobe, mata ke sayarwa a gindin bishiya. Hausawanmu da suka daɗe a can, na Mai Wurno da sauran garuruwa, haka suke sha kuma ba wanda ya ce sun kashe komai. Turkawa ba sa tacewa, da garin ake zubo maka ya kwanta a ƙasa kamar laka, har ma suna da wata al'ada, ranar da aka je neman aure yarinya ce ke kawo gahawa, sai ta zuba gishiri a ta saurayin a ga ko zai shanye bai ɓata fuska ba.

To mu zo kan Turawan da yaron nan yake nufi. Mutumin Italiya abin da yake kira kofi bai fi cokali biyu na cin abinci ba, a tsaye yake kwankwaɗewa cikin minti ɗaya ya wuce, kuma da yawansu sai sun yaga ɗan ƙunshin sukari sun zuba. Mai madarar nan, kafucino, da safe suke sha, in ka nema bayan cin abincin rana kallon baƙo za a yi maka. Mutumin Amurka kuma kofinsa kamar moɗa, ruwa tsululu, yana tafe yana sha a mota. Ɗan Italiya na ganin na Amurka ruwan wanke kwano ne, ɗan Amurka na ganin na Italiya rowa ce. Kamfanin Starbucks da aka kafa a 1971, wanda ya mamaye duniya, bai buɗe shago a Italiya ba sai 2018 a Milan, kuma a 2008 sai da ya rufe shaguna sama da 60 a Ostireliya saboda mutanen can suna da irin nasu da suka saba da shi. Wato su ma Turawan ba su daidaita a tsakaninsu ba, sai mu ne za a zo a ce mana ga yadda "suke" sha.

Biyetnam ita ce ta biyu a noman kofi a duniya bayan Barazil. Ka san yadda suke sha? Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙin nan ake zubawa a gindin gilashi, gahawa ta ɗiɗɗigo a kai, a jefa ƙanƙara. A Hanoi har da ƙwai suke kaɗawa a ciki. In Baba ya je can shi ne ɗan gari, yaron ne baƙo.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce ta Senegal. Shekarar da na bi 'yan uwa Maulidin Kaulaha na fara shan abin da suke kira kafe Tuba, kowane lungu ga yaro da garwa da ƙananan kofuna, yana ɗaga hannu yana tsiyaya daga wannan kofi zuwa wancan har ta yi kumfa, sak mai shayinmu. Kurɓar farko na ji wani yaji ya daki maƙogwarona, wani ƙamshi da na sani tun ina yaro amma na kasa tuna inda na san shi. Sai da na tambaya aka nuna min, ashe kimba ce. Kimbar nan dai tamu ta kunun kanwa da yajin mai jego, ita suke soyawa tare da ƙwayar, wani lokaci da kanumfari, su cika sukari. Muridai mabiya Shehu Ahmadu Bamba ne suka yaɗa ta, sunan ma na birninsu ne, Tuba, yanzu kuwa kowa sha yake, Batijjane da Bamuride da wanda ba ya ɗariƙa. Ba su tambayi Faransa izini ba, duk da Faransa ce ta mulke su.

Dalilin da ya sa muke cika madara

Yanzu bari in faɗi abin da yaron bai sani ba game da gidansu. A wurinmu shayin da ba madara suna gare shi, ruwan bunu. Kuma kowa ya san ba sunan yabo ba ne. Ruwan bunu shi ne abin da ake sha in wata ya yi nisa, in aljihu ya bushe. Ranar da albashi ya shigo sai ka zauna a bencin mai shayi ka ce a yi maka haɗin kauri, madara da Bournvita har cokali ya kusa tsayawa, ga burodi ga wainar ƙwai. In ka yi baƙo ka kawo masa ruwan bunu alhali kana da hali, ka ci mutuncinsa. Mutumin da ya tashi a wannan tarbiyya, ya yi shekara talatin yana aiki, ya zo otal ya ga madara a buɗe kyauta, kana so ya sha baƙin ruwa mai ɗaci don ya nuna ya waye? A idonsa fa abin da kake kira wayewa shi ne talauci. Abu ɗaya ne a cikin kofi, amma a Fagge sunansa babu, a Maitama sunansa aji.

Sannan shayi a wurinmu abinci ne, ba abin kurɓa ba. Lebura ko ɗan adaidaita da ya sha haɗin kauri da rabin burodi da safe, shi ke nan har azahar. Wanda ke shan baƙar gahawa cokali biyu yana da wani abincin a gefe.

Kuma kofi bai shigo mana a matsayin abin karɓar baƙo ba. Ta gwangwani da 'yar leda ya shigo, Nescafe, wanda aka fara yi a Suwizalan a 1938, kuma aikin da muka ba shi shi ne korar barci. Direban tirela da zai kwana a hanyar Legas, ɗalibi daren jarrabawa, maigadi, su ne 'yan kofi. Har yau in tsohuwa ta ga kana sha sai ta ce "me ya yi zafi?" kamar ta ga kana haɗiyar ƙwaya. Wurin da gahawa ta zauna a al'adar Larabawa da Habashawa, mu tuni wani ya riga ta zama, goro. Shi ake miƙa wa baƙo, shi ake rabawa a ɗaurin aure da suna, shi ake kai wa surukai, kuma sinadarin da ke hana barci a gahawa shi ne dai a cikin goro. Kakanninmu sun yi ta tafiyar watanni da jakuna zuwa Gwanja, kasuwar Salaga, saboda shi. Mutanen da suka san bambancin daushe da sabon goro, suke tauna namijin goro suna hira, ba za a ce musu ba su iya ɗaci ba. Sun iya, a wani wurin suka ajiye shi.

Ga kuma 'yan uwanmu na Nijar da shayin Buzaye. Je ka fada, wato majalisar hirar samari, a Damagaram ko Agadas ka ga samari sun kewaye 'yar buta a kan garwashi awa biyu, ganyen daga Caina yake zuwa, zagayen farko in ka sha sai kunnenka ya yi ƙara don ƙarfi. Shi ma da sukari, mai yawa kuwa.

Laifi tudu ne

To amma gaskiya ɗaya ce, abin da yaron nan ya yi wa Baba mu ma muna yi wa wasu kullum, har mun fi shi iya baki.

Ka saurari alhazai in sun dawo. "Abincinsu lami, ba gishiri ba yaji, shinkafa fara fat da kaza kamar an dafa wa marar lafiya, gahawarsu kuwa ruwan sabara." Shi ya sa jakar maniyyaci ba ta rasa kuka da daddawa da yaji da garin rogo da ƙuli-ƙuli, kuma duk shekara sai an ja kunne kada a ɗauki goro don can haramtaccen kaya ne, amma duk shekara sai an samu wanda ya gwada. Ban ga laifin ɗaukar kuka ba, ni ma na ɗauka. Laifin shi ne mu ɗauka cewa bakinmu ne ma'aunin duniya.

Muna jin an ce Faransawa na cin dodon koɗi sai mu tofar da yawu, alhali ba sai an je Faransa ba, a kudancin ƙasar nan ma abinci ne mai tsada. Muna ganin jatan lande da ƙaguwa mu ce ƙwari ne, mu da muke sayen fara a ƙulli a Maiduguri da Yamai, a soya ta da yaji mu ci har da ƙafafu. Bature in ya ga fara a bakinka yadda kake ji game da dodon koɗinsa haka yake ji. Muna cewa cukunsu mai shuɗin fumfuna wari yake, su kuma in aka buɗe daddawa a ɗaki sai su nemi taga. Kuma duk abu ɗaya ne, abu ne aka bari ya ruɓa daidai gwargwado har ya yi daɗi, mu kalwa, su madara, Japanawa kuma waken suya, wanda suke kira natto, mai wari da yauƙi, suna karya kumallo da shi. Yauƙin ma da muke so a kuɓewa da karkashi da lalo, akwai mutanen da shi ne abin da ba sa iya haɗiyewa ko da kuɗi.

Ko a tsakaninmu ba mu bar juna ba. Bahaushe ya je Ibadan ya ce miyarsu manja da barkono ce zalla, Bayarabe ya zo Kano ya ga an zuba sukari a waina ya riƙe baki. A Gana kuwa kokon da ake kira na Hausawa, wanda ake layi a kansa da safe a Akara da Kumasi tare da ƙosai, citta da barkono ne a ciki har hanci ya yi ruwa.

Abin dariyar ma shi ne yawancin abin da muke rantsuwa da shi a matsayin namu na gado baƙo ne. Barkono, tumatir, masara, rogo, gyaɗa, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekara ta 1500. Wato akwai zamanin da Bahaushe bai san barkono ba, masoro da citta da kimba ne yajinsa, kuma na tabbata ranar da aka fara kawo shi akwai tsohon da ya ce wannan wuta ce ba abinci ba. Maggi daga Suwizalan, Indomie daga Indunusiya, yau ga mai shayi ba ya cika mai shayi sai da ita. Kakata har ta rasu ba ta yarda ta ci taliyar nan ba, tana cewa tsutsa ce, jikokinta kuma in ba ita ba sai su kwana da yunwa.

Amma ai akwai mai kyau akwai marar kyau

Wani abokina da na ba labarin ya ce, "Malam kar ka mayar da komai daidai, akwai kofi mai kyau akwai na banza, yaron bai yi ƙarya ba, bai dai iya magana ba ne."

Na yarda da rabin maganar. Inganci gaskiya ne. Irin kofi biyu ne suka cika kasuwa, arabika mai ƙamshi da ɗan tsami-tsami, da robusta mai ɗaci wanda sinadarin hana barcinsa ya kai kusan ninki biyu, kuma yawancin na garin nan da ake narkawa a ruwan zafi daga robusta ake yin sa. Ƙwayar da aka soya jiya aka niƙa yau ba ɗaya take da wadda ta shekara a kanti ba. Kuma in wani ya sayo ƙwaya mai tsada daga Yirgacefe ta Habasha, ya ɓata lokaci ya dafa maka, ladabi shi ne ka kurɓa tukuna kafin ka kai hannu ga sukari, kamar yadda ba ka zazzaga yaji a miyar uwargida kafin ka ɗanɗana, in kana son zaman lafiya.

Amma inganci a cikin gida ake auna shi. Tuwo mai gudaji marar kyau ne, kowa ya yarda, fura mai tsakuwa marar kyau ce. Wannan ba ya nufin sakwara ta fi tuwo, ko yogot ya fi kindirmo. Akwai haɗin kauri mai kyau akwai na algus, kuma wanda ya shekara ashirin a bencin mai shayi shi zai faɗa maka, ba wanda ya yi wata goma sha takwas a Ingila ba. Sannan abin da ke cikin fulas ɗin otal ɗin nan fa, na sha, tun safe aka dafa shi ya yi ƙauri, ba wata tsiya a ciki da za a kashe. In ma akwai wanda ya yi masa gata to Baba ne.

Wani abin da ya kamata ya dame mu ya fi wannan, a tsaunin Mambila a Taraba ana noman arabika, a Filato ma haka, amma mu da masu cika madara da masu shan baƙi duk na waje muke saye. Da yaron ya ce Baba zo ka ɗanɗana na Mambila, da ni ne zan fara tafa masa.

Sukarin fa?

Nan kam ba ni da bakin musu. Sukari cokali huɗu da Milo a kai, ga mutumin da ya haura hamsin, ba abin yabo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin (kalori) da mutum ke samu daga abinci a rana, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan ga babba, in so samu ne ma 6. Kofi ɗaya na Baba ya kusa cinye shidan nan. Ciwon sukari kuma kowa a cikinmu ya san gidan da ya shiga.

Sai dai wannan maganar likita ce, kuma da ita yaron ya yi, cikin ladabi a gefe, "Baba a riƙa rage sukari saboda lafiya", da addu'a zai samu. Ba ita ya yi ba. Kuma ku shiga shagunan kofin zamanin nan na Abuja da Legas ku ga abin da 'yan gayun ke ɗauka hoto da shi, doguwar roba cike da madara da ƙanƙara da kirim da zumar sukari ana zuba ta kamar miya, zaƙin ya ninka na mai shayi, kuɗin kuma zai saya wa mutum uku shayi da burodi. Wannan ba wanda ke ce masa an kashe kofi, saboda sunansa na Turanci ne kuma a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ake sha.

Ni kaina yanzu ina shan baƙar gahawa wani lokaci, bakina ya koya a hankali kamar yadda ya koyi goro, wanda ranar farko da na tauna ina ɗan shekara goma sai da na furzar a bayan kawuna. Na ma taɓa shan ta ƙwallon dabino da ake tallatawa yanzu, da ta 'ya'yan rai-ɗore da tsofaffi ke soyawa, ba laifi. Amma in an yi sanyin hunturu da asuba, bayan an fito masallaci, ƙafata ba ta san hanyar ko'ina ba sai bencin mai shayin unguwarmu, kuma ba ya tambayata, ya san haɗina.

Shekaranjiya na ce bari in gwada ta Senegal a gida. Na samo ƙwaya, na shiga kicin na buɗe robar kayan yajin uwargida na ɗebi kimba, na soya tare a kasko na daka. Gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Ta fito daga ɗaki tana shaƙar iska ta ce, "Wa ya haihu?" Na ce gahawa ce, haka ake yi a Kaulaha. Ta karɓa ta kurɓa, ta yi shiru, ta sake kurɓa, ta ce ba laifi amma da saura. Ta miƙa hannu ta jawo gwangwanin madara ta zuba cokali uku, ta tafi da kofin ɗaki, ta ce gobe in zan yi in sayo tawa kimbar.